Zoben da Malam Sada Ya Sa wa Kibiya

Shekara shida muka yi da Malam Sada muna koyarwa a ɗaki ɗaya, ni da safe, shi da yamma, a wata 'yar makarantar koyon kwamfuta da ke saman shagon katifu a Ƙofar Durbi. Makarantar ta Alhaji Shehu ce, tsohon ma'aikacin gwamnati, wanda da ya yi ritaya ya sayo kwamfutoci goma sha biyu 'yan gwanjo, ya haɗa da majigi ɗaya mai haska allon malami a jikin bango. Ajina yakan tashi da azahar, amma ba kasafai nake wucewa gida ba, domin fankar ɗakin ta fi ta gidana iska. Ta haka na ga yawancin abin da zan faɗa a nan. Sauran kuma shi ya ba ni labari da bakinsa, gutsure-gutsure, don ba mutum ne mai dogon zance ba.

Dogo ne siriri, mai ɗan rankwafawa, kullum idanunsa kamar na wanda aka tasa bai gama barci ba. An haife shi a Ƙofar Guga, gidan wani masinjan ofis mai 'ya'ya tara. Yayarsa Delu, wadda yake bi, sanƙarau ya kama ta tana 'yar shekara shida. Ta tashi, amma ta tashi ba ta ji. Maganar da ta iya kafin ciwon ma a hankali ta zube mata. Da yake Sada ne ƙaramin da ke manne da ita, a wurinta ya koyi maganar hannu, irin ta gida da irin ta kuramen unguwa, tun kafin a sa shi makaranta.

Daga nan aiki ya same shi. In Inna za ta yi wa Delu faɗa, a kira Sada. In Delu za ta mayar da martani, shi ne bakinta, kuma ƙeyarsa ce ke shan duka. Shi ya riƙa raka ta kasuwa, shi ya riƙa raka ta asibiti. Ranar da dangin mijinta suka zo gaisuwa, yana aji uku a sakandare, shi aka tsayar tsakar gida yana juya maganar manya. Da kuramen unguwa suka gane akwai yaro mai ji wanda ya iya yarensu, su ma suka fara sallama a ƙofar gidan.

Ya taɓa ce mini, "Malam Abbas, ni ban taɓa cin abincin biki da zahinshi ba. Kowa na ci, ni hannuna na bisa."

Ya ce abin da ya sa ya zaɓi karatun kwamfuta ke nan, don ita ba ta neman tafinta. Ka zauna kai kaɗai, ka danna, ta yi. Ya yi difloma, ya nemi aikin gwamnati har takalminsa ya gaji, bai samu ba. Ya shekara takwas yana buga wa mutane takardu a wani shago, sannan Alhaji Shehu ya ɗauke shi. Da safe yana zagaya ofisoshi da shaguna yana gyaran kwamfuta, da yamma ya zo aji. Ya auri Rahinatu, suna da 'ya'ya huɗu. A duk shekarun nan ɗalibansa masu ji ne, kuma bai taɓa gaya wa kowa a makarantar cewa ya iya maganar hannu ba.

Wata rana Delu ta biyo ta makarantar karɓar saƙo, Alhaji ya gan su a bakin matakala suna magana, hannuwa na tashi kamar ana sheƙar hatsi. Bayan kamar wata biyar sai shugabannin wata ƙungiyar kurame suka zo da takarda, suna neman a buɗe wa 'yan ƙungiyarsu aji na wata huɗu. Alhaji ya amsa nan take, bai ko tuntuɓi Sada ba.

"Ai muna da mai yarensu," in ji shi. "Malam Sada, lada ce ta zo maka har gida."

Sada ya dubi ƙasa, ya ce, "To, Alhaji. Allah shi ba mu ikon yi."

Mutum goma sha ɗaya suka zo, duk manya. Biyu daga cikinsu ne na fi riƙewa. Akwai Mati, mai gyaran takalma a bakin Ƙofar Marusa, ya kusa hamsin, mai dariya da ƙarfi don bai san ƙarfinta ba. Akwai Furera, tela, uwar 'ya'ya uku, wadda ta yi makarantar kurame har ta iya karatu da rubutu. Ita ta zo ne don ta koyi tsara katin biki da na suna, saboda matan da take yi wa ɗinki kullum suna tambayar inda za a buga musu.

Tun ranar farko matsalar ta fito. Mai ji, in kana koya masa, idonsa na kan bango, kunnensa na wurinka. Ka ce, "Ga shi nan, sama ta hagu," ya bi 'yar kibiyar da ke yawo a allo da ido yana saurarenka. Kurma kuwa ido ɗaya ne yake yi masa aiki biyu. In Sada zai yi bayani, dole ya saki maus, abin da ake tura kibiyar da shi, ya ɗaga hannuwa, duk ajin su juyo su dube shi. In ya gama ya koma ya kama maus, su juya wajen bango, sai a nemi kibiya a rasa. Fara ce, ƙarama, bangon ma fari ne da ya sha ƙura, ga hasken taga, ga majigin ya tsufa. Kafin su gano inda take ya riga ya danna abin da zai danna, wani shafi ya buɗe, ba wanda ya ga ta inda aka bi.

Sai Mati ya buga tebur, ya buɗe tafukan hannu biyu. Wannan alamar ko ni na gane ta: ina take?

Sada ya fara da sanda. Ya yi bayani, ya taka zuwa bango ya nuna wurin da sanda, inuwarsa ta rufe rabin hoton, ya dawo ya zauna ya danna, ya sake miƙewa. Na taɓa ƙirga masa, tashi arba'in da uku a darasi ɗaya. Wata rana na ce bari in riƙe masa maus shi ya yi ta bayani. Bai yi ba, domin ni ban san abin da hannunsa ke cewa ba, sai ya koma yana fassara mini ni ma, aiki ya zama uku. Ya ƙara wa kibiyar girma, sai ta riƙa rufe abin da take nunawa. Akwai wata dabara a cikin kwamfutar, in ka danna wani maɓalli sai da'ira ta bayyana a kan kibiyar, amma ƙiftawar ido take yi ta ɓace, kafin su juyo ta tafi. Ya sauko da wata manhaja daga intanet, ta yi wa tsohuwar kwamfutar nauyi har ta riƙa sandarewa.

Sati uku aka yi a haka. Mutum biyu suka daina zuwa. Darasin da nake gamawa da ɗalibaina a kwana biyu, shi yana sati bai kai rabi ba. In aka tashi sai ya zauna a kujerar malami, ya sauke hannuwa a cinya, ya daɗe bai motsa ba.

Wata Litinin da azahar na gan shi ya shigo da wuri, riƙe da wani tsohon littafin rubutu da bangonsa ya yage. Na lokacin diflomarsa ne.

"Lahiya, Malam Sada?"

"Lahiya lau. So nike in gwada wani abu. Rabona da rubuta manhaja shekara goma sha huɗu, ban san ko kan zai tuna ba."

Na ce wace iri? Ya ɗauki wata farar leda da aka kawo biredi a ciki, ya shimfiɗa ta a fuskar kwamfutar.

"Ka ga wagga leda? Ka ɗauka babu komai jikinta, garai-garai take, kana ganin duk abin da ke bayanta. To irinta nike son in shimfiɗa bisa allon baki ɗaya, amma ta cikin kwamfuta. Sai in zana zobe bisa ledar. Duk inda kibiya ta tahi, zoben shi bi ta. In na saki maus, shi tsaya nan yana jiransu."

Tsakanin azahar da la'asar kawai yake da shi, sa'a biyu, in an bar wuta. Ya daina zuwa gida cin abincin rana. Yakan sayi ƙosai ko awara a ƙasa, ya ci da hagu a kan takarda, a'a, da dama yake ci, hagun ce ke kan maɓallai, yana duba wayarsa yana karanta yadda wasu suka yi, yana komawa littafin. Turancin masu bayanin ma wani aiki ne. Sau da yawa ina jin sa yana tsaki a hankali. Sau biyu aka ɗauke wuta bai adana abin da ya rubuta ba. Na biyun bai ko yi tsaki ba, ya dai tashi ya je ya yi alwala, ya dawo ya zauna yana kallon baƙin allo.

Kwana tara ya ɗauka kafin zoben ya fito. Ruwan ɗorawa ne, faɗinsa kamar murfin kwalbar shayi, kibiyar na tsakiya. Ya motsa maus, zoben ya bi. Na ce masa barka. Don ɗoki bai tsaya gwada komai ba, ya kunna shi a aji da yammar nan. Ɗalibai suka ga zobe a bango, suka ɗaga hannuwa suna karkaɗa yatsu, wato tafinsu ke nan. Sada ya kai kibiya kan wani fayil ya danna. Shiru. Ya sake dannawa. Babu abin da ya buɗe. Ledar da ya shimfiɗa ta tare komai, ana ganin abin da ke bayanta amma ba a iya taɓa shi. Ko rufe manhajar ya kasa, sai da ya kashe kwamfutar gaba ɗaya a gabansu. Mati ya yi dariya har da riƙe ciki. Ranar nan da sanda aka ƙarasa darasi.

Ya ƙara kwana huɗu kafin ya gano yadda zai gaya wa kwamfutar cewa ledar ta gani ce kawai, duk dannawar da aka yi ta wuce ta cikinta zuwa abin da ke ƙasa. Da wannan ta warware sai wata ta ɓullo: zoben ya riƙa jan ƙafa, kibiya ta isa wuri shi yana baya yana tahowa. Ya gyara. Sai kuma aka ga a kwamfutarsa zoben na kan kibiya daidai, amma a bango ya kauce gefe kamar taƙi guda, saboda girman hoton majigin ba ɗaya ba ne da na allonsa. Wannan ta ci masa kusan sati. A lokacin wani mutum ɗaya ya ƙara barin ajin, saura takwas.

Rahinatu ta kira shi wata rana ina zaune. Ina jin muryarta sama-sama tana tambaya ko an hana shi cin abincin gida ne. Ya ce, "Ki yi haƙuri, ya kusa." Da ya ajiye wayar ya ce mini, "Ban san ko ya kusa ba."

Ranar da komai ya daidaita ba wani biki aka yi ba. Ya kai kibiya wuri, ya saki maus, ya yi bayani da hannu biyu a natse. Suka juya wajen bango, zoben na nan inda ya bar shi. Ba wanda ya buga tebur. Darasin ya tafi. Shi ke nan. Sandar ta koma bayan ƙofa.

Bayan kwana biyu sai ga abin da ya fi damun sa a duk lamarin. Yana koya musu buɗe folda. A bango, ya kai zobe kan folda, ta buɗe. Su kuwa a nasu kwamfutocin sai su kai kibiya, su danna, foldar ta yi shuɗi kawai ta tsaya. Tun farkon zuwansu ake wannan fama. Ya sha gaya musu a danna sau biyu, su kuma su danna ɗaya, su ɗan jira, su ƙara ɗaya. Wani lokaci ta buɗe bisa dace, yawanci ta ƙi. Shi ya ɗauka rashin sabo ne da taurin yatsu.

Furera ta ɗaga hannu. Suka yi magana mai ɗan tsawo, na ga fuskarsa ta canza. Bayan an tashi na tambaye shi me ta ce.

"Cewa ta yi, yaya ɗaliban safe suke gane lokacin da na danna? Na ce mata ai suna ji. Ta ce, suna jin me? Na ce ƙarar maus. Sai ta ɗaga maus ɗinta ta juya shi tana dubawa, ta ce, wannan abin ƙara gare shi?"

Ya ɗauki maus ya danna sau biyu da sauri kusa da kunnena. Ƙyas-ƙyas.

"Kai da ni, wannan ne ya koya muna saurin da ake so. Ba wanda ya taɓa yi muna bayani, kunne ya ɗauka. Su ko wata biyu suna kallon yatsana daga nesa, ba su ga komai. Ni da na tashi da kurma ɗaki ɗaya, Malam Abbas. Shekara arba'in. Ban taɓa kawo wannan a raina ba."

Furera ce ta ba shi shawarar abin da zai yi. Ta rubuta masa a takarda, da irin rubutunta mai tsabta: in ka danna, zoben ya canza launi. Ya koma kan aikin. Wannan karon kwana uku ya yi. In ya danna maɓallin hagu zoben ya koma ja, in na dama ne ya koma kore, in ya saki ya dawo ruwan ɗorawa. In ya danna sau biyu sai a ga ja, ja, a jere. Ya kuma zagaya ya sa manhajar a kwamfutocin ɗaliban duka, don kowa ya ga nasa dannawar ya gwada da ta bango.

Na tsaya a bayan aji ranar. Ya danna sau biyu, bango ya yi ja, ja. Mati ya ƙura ido, ya nemi a sake. Aka sake. Ya juya kan tasa, ya danna, ja, ya daɗe, ja. Ya girgiza kai. Ya sake, ya sake, a na huɗu foldar ta buɗe. Bai yi dariya ba wannan karon. Ya rufe ta ya sake buɗewa, ya rufe ya sake buɗewa, har aka tashi.

Ran Juma'a bayan masallaci Sada ya je gidan Delu, kamar yadda ya saba. Ya ba ta labarin, yana zaton za ta yi dariya. Ya ce mini sai ta ajiye tsintar shinkafar da take yi, ta dube shi, ta tambaye shi: to me da me kuma ke da ƙara wanda bai taɓa gaya mata ba? Ita abin da take tunawa daga yarinta kaɗan ne, kukan zakara, kiran salla, muryar Inna. Duk abin da ya shigo duniya bayan nan ba ta san muryarsa ba. Ta nuna firij. Ya ce yana da ƙara, ƙasa-ƙasa. Ta nuna makunnin fitila. Ya ce yana yi in an danna. Ta nuna wayarta, ta nuna tukunyar gas, ta nuna ledar shinkafar. Ta ce takalmin da take sawa fa, in tana tafiya mutane na jin ta? Ya ce suna ji. Ta ce tun yaushe? Ya ce tun da can. Ta ce, kuma ba ka faɗa mini ba.

"Har aka kira la'asar tana nunawa ina amsawa," in ji shi. "Ba faɗa take ba. Gara ma a ce faɗa ne. Da na fito sai na ji kamar an ɗora mani buhu. Na ɗauka na gama mata komai, ashe abin da aka tambaye ni kaɗai nike fassarawa."

A wata na uku kafaɗarsa ta dama ta fara ciwo. Da ma ta daɗe tana yi masa tsiya jefi-jefi, amma yanzu ga maus da safe wurin gyara, ga ɗaga hannu sa'a biyu da yamma, ga zaman da ya yi na rubuta manhajar. Ya riƙa shafa man zafi, ɗakin duk ya ɗauki warinsa. Wani lokaci yana tsakiyar bayani sai in ga ya sauke hannun, ya matse kafaɗar, ya ci gaba. Na ce ya je asibiti. Ya ce in an gama.

Mutum bakwai suka kai ƙarshe. Alhaji Shehu ya shirya bikin ba da takardar shaida, ya gayyato manyan baƙi, aka yi hayar kujeru da rumfa a ƙofar shagon katifu. An tsara cewa bayan jawabai za a hau sama, Furera ta nuna katin suna da ta tsara, Sada kuma ya nuna zoben. Ya zo da wuri ya goge bangon da tsumma, ya gwada majigi sau uku.

Baƙi suka makara. Da aka fara, mutum shida suka yi jawabi, kowanne sai ya gaida duk wanda ke zaune da sunansa da muƙaminsa kafin ya shiga magana. Sada na tsaye gefen rumfa, rabin jikinsa a rana, yana juya kowace kalma. Wani ya yi minti arba'in yana bayanin muhimmancin tallafa wa masu buƙata ta musamman. Ina kallon hannun Sada na dama yana sauka a hankali, daga saitin fuska zuwa ƙirji, daga ƙirji zuwa ciki. Da aka zo hawa sama, an ɗauke wuta, janareta kuma ya ƙi tashi. Baƙi suka ce suna da wani taron. Aka ɗauki hoto a matakala, aka watse. An ajiye masa shinkafarsa a leda, ya rataya a babur ya tafi da ita gida.

Kashegari ya je asibiti. Likita ya ce jijiyar kafaɗar ta kumbura, ya huta da hannun sati shida, kada ya ɗaga shi sama da ƙirji. Ni na riƙe ajin yamma na masu ji har ya dawo. Na sami zoben a kwamfutar malami, na bar shi a kunne, kuma ɗalibaina ma sun ji daɗinsa, musamman dattawan da idonsu ya fara rauni.

Aji na biyu na kurame bai yiwu ba. Ƙungiyar ba ta sami mai ɗaukar nauyi ba, Alhaji kuma ya ga yara masu shirin jarrabawar shiga jami'a sun fi yawa, ya ba su lokacin yamma. Da na gaya wa Sada, ya ce, "To." Na tambaye shi ko ya ji haushi. Ya ce wallahi bai sani ba, wani ɓangare na zuciyarsa ya ji sanyi, kuma yana jin kunyar hakan.

Furera ta sayi tsohuwar laftof, ta ajiye ta kusa da keken ɗinkinta. Tana tsara kati, ta kai a buga mata a shago. Ta zo da filash, ɗan abin kwasar fayil, ta karɓi manhajar, ta ce akwai mata biyu da take koya wa a gida. Mati bai sake taɓa kwamfuta ba, don ba shi da ita, amma ya lulluɓe takardar shaidarsa da leda ya rataye a rumfarsa. Sauran biyar ban san inda suka kwana ba.

A sati na huɗu na jinyarsa na je duba shi a Ƙofar Guga, da hantsi. Na same shi a zaure a kan tabarma, hannun a rataye a wuya da ɗankwalin Rahinatu. Muka gaisa, na tambayi jiki, na tambayi iyali, ya tambayi mutanen makaranta ɗaya bayan ɗaya. An kawo mana kunu ke nan sai ga Mati ya leƙo, fuskarsa ba walwala, riƙe da katin asibiti. Suka yi magana, Sada da hannun hagu kaɗai, yana cikasa sauran da fuska da kai.

Ya juyo ya ce mini, "Matarshi ce ba lahiya, tun jiya take amai. Sun je, ba a gane abin da suke faɗi ba, aka ce su zo da mai magana."

Na ce, "Da wannan hannun?"

"Hagun na aiki."

Ya kurɓi kunun sau biyu, ya ajiye kofin. Ya leƙa cikin gida ya faɗa wa Rahinatu, na ji ta ce wani abu. Ya nemi takalminsa, Mati ya durƙusa ya juyo masa su. Da yake ba ya iya tuƙa babur, sai muka taka tare zuwa bakin titi, muka tsaya jiran keke mai ƙafa uku. Rana ta fara zafi. Na farko ya wuce cike, na biyu ma haka. Sada ya jingina da bangon wani shago, ya lumshe ido, har na uku ya tsaya.